Hashiyar da Mata Suka Rubuta a Gefen Labari

A shekarar 1020 akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha uku a lardin Kazusa, can gabashin Japan, inda aka tura mahaifinta aikin mulki. Damuwarta a duniya ɗaya ce. Tana jin yayarta da matar ubanta suna ba da guntattakin labaran da ake karantawa a babban birni, har da labarin Genji, amma ba wadda ta haddace su, kullum sai zance ya yanke a inda ya fi daɗi. Ta sa aka sassaƙa mata gunkin Buda daidai tsayinta, ta riƙa shiga ɗaki a ɓoye tana roƙon a kai ta Kyoto ta karanta labaran nan kaf. Da suka koma birnin, wata gwaggonta ta ba ta littafin Genji, juzu'i hamsin da 'yan kai, a cikin akwati. Ta shige bayan labule ta kwanta, tana zaro su ɗaya bayan ɗaya, da rana har dare, da dare kuma a gaban fitila muddin idonta biyu. Ta rubuta daga baya cewa a wannan lokacin ko matsayin matar sarki aka ba ta ba za ta karɓa ba.

Duk wanda ya taɓa ganin yarinya ta ƙi barci don shirin talabijin da take bi ya fito da sabon kashi, ya san wannan yarinyar. Yau muna kiran irinta masoya, ko ma'abota labari, mutanen da ba su tsaya ga karantawa ko kallo ba, sai sun haddace, sun yi gardama, sun zana hotunan taurarin, sun rubuta ci gaban labarin da kansu. Kuma kallon da ake yi musu bai sauya sosai ba: ɓata lokaci, zaucewa, abin 'yan mata. Ni kuwa ina ganin wanda yake son ya rubuta tarihin tunanin mata, ya san inda suka yi nazari da muhawara a ƙarnonin da aka rufe musu ƙofar makaranta, dole ya leƙa nan. Wani babban yanki na wannan tarihin a gefen ƙagaggun labarai aka rubuta shi, kamar yadda ɗalibi ke rubuta hashiya a gefen littafin malaminsa.

Dalilin ba boyayye ba ne. A fadar Japan ta wancan zamani ilimin da ake ji da shi da rubutun Sinanci ake yin sa, kuma na maza ne. Murasaki Shikibu, wadda ta rubuta Genji, ta koyi Sinanci ne tana sauraron darasin da ake ba ɗan'uwanta, har ta fi shi ɗauka, mahaifinta yana takaicin da ma namiji ce. Da ta shiga fada sai ta riƙa yin kamar ko harafi ɗaya ba ta sani ba, don kada a yi da ita. Abin da aka bar wa mata shi ne rubutun kana, wato harufan Japan na gida, da ƙagaggen labari, abin da maza masu ji da kansu ba sa ɗauka da muhimmanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wajen shekarar 1200 aka samu wani littafi, Mumyozoshi, wanda ake lissafa shi a matsayin mafi daɗewar sharhin ƙagaggun labarai a Japan, kuma galibin masana suna jingina shi ga mace. Me ke ciki? Wasu mata ne suka kwana suna hira, suna jera taurarin Genji: wace ce ta fi ban tausayi, wane ne ya fi ban haushi, wane babi ne ya fi taɓa zuciya. Idan aka cire sunayen aka sa na wani shirin zamani, ba wanda zai bambance shi da gardamar masoya a intanet. Amma da shi ake buɗe tarihin sharhin ƙagaggun labarai a ƙasar.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga ƙasar Sin ya fito. A 1598 Tang Xianzu ya kammala wasan kwaikwayonsa mai fitowa 55, wanda aka fi sani da Rumfar Furen Peony, labarin wata budurwa, Du Liniang, da ta ga masoyi a mafarki, ta mutu da begensa, sannan soyayya ta dawo da ita duniya. Matan gidajen masu hali a yankin Hangzhou ba kasafai suke zuwa kallon wasa ba, karanta shi suke yi a cikin gida, kuma sun rungume shi fiye da yadda marubucin ya yi tsammani. Wata budurwa, Chen Tong, wadda aka yi wa baiko da wani malami mai suna Wu Wushan, ta duƙufa a kan littafin. Ta nemi bugu daban-daban tana gwada su don ta gano wanne ne ya fi inganci, tana rubuta sharhinta a gefen shafi. Ciwo ya kama ta, mahaifiyarta ta ga karatun dare ne ke ƙara mata, ta kwashe littattafan ta ƙone. Chen Tong ta rasu kafin a ɗaura aure. Juzu'i na farko kaɗai ya tsira, a hannun matar da ta raine ta, daga nan ya isa hannun Wu.

Wu ya auri wata, Tan Ze. Ita kuma ta tarar da rubutun wadda ba ta taɓa gani ba, ta so shi har ta haddace, ta ɗauki alƙalami ta yi wa juzu'i na biyu sharhi a kan salon ta farko. Ita ma ta rasu da ƙuruciya. Ta ukun, Qian Yi, ta haɗa rubutun biyun, ta tace, ta ƙara nata, ta sayar da kayan adonta ta biya kuɗin ɗab'i. Littafin ya fito a 1694 da sunan sharhin matan Wu Wushan uku. Kafin nan wani ɓangarensa ya riga ya yawata da sunan mijin, kuma da gaskiya ta fito mutane da yawa sun ƙi yarda mata ne suka rubuta.

A duba abin da matan nan suka yi: gwada bugu da bugu, tantance nassi, sharhi layi bayan layi, riƙe salon wanda ya gabata, tacewa, ɗab'i. Idan namiji ya yi wannan a kan littafin Konfushiyas, babban masanin falsafar ƙasar Sin, malami ne, har jarrabawar shiga aikin gwamnati zai iya zama, jarrabawar da mace ba ta da izinin kusanta. A duba kuma ɗaya gefen: Qian Yi ta kafa wa Du Liniang wurin girmamawa a lambu, ta ajiye mata reshen fure, kamar dai budurwar ta taɓa rayuwa. Mijin ya yi mata dariya. Mace ɗaya ce ta yi aikin malanta ta kuma yi wannan, a kan littafi ɗaya, kuma ban ga ta inda za a sa wuƙa a raba su ba. Son ne ya zaunar da ita a kan shafin tsawon shekaru. Masana na jami'a ma haka suke, sai dai sun koyi ɓoye nasu son a bayan manyan kalmomi.

A Turai ma ta wannan ƙofar aka shigo. Christine de Pizan, bazawara mai 'ya'ya uku da ta riƙe gidanta da alƙalami a Faransa, ta fara yin suna ne a 1401 zuwa 1402 da gardama a kan wata doguwar waƙar soyayya da kowa ke yabo, Roman de la Rose, wadda ta ce tana zubar da mutuncin mata. Ta kara da sakatarorin sarki irin su Jean de Montreuil. Abin lura shi ne abin da ta yi bayan gardamar: ta tattara wasiƙun da aka yi musaya, nata da nasu, ta haɗa su kundi ta miƙa wa sarauniya Isabeau. Ta gane cewa wanda ya adana muhawara shi ke da ita. Zan dawo kan wannan.

Da ƙagaggen labari ya yawaita a Ingila a ƙarni na 18, sai aka samu wata sabuwar sana'a, ta gargaɗi a kan mace mai karanta shi. Masu wa'azi da likitoci suka yi ta cewa yana lalata tunani, yana sa yarinya ta raina mijin da za ta samu. Har matan da ke rubutu suka shiga yi wa abin ba'a: Charlotte Lennox a 1752 ta ƙago budurwar da karatun labaran soyayya ya sa ta ɗauki kowane baƙo jarumi ne ko ɓarawon mata. Jane Austen ta yi irin wannan tsokanar a littafinta Northanger Abbey, amma tun a farko-farkon littafin ta dakata ta kare ƙagaggen labari da kakkausar murya. 'Yan gidan Brontë kuwa, waɗanda suka zama shahararrun marubutan Ingila, tun suna yara suke cika 'yan mitsi-mitsin littattafai da labaran ƙasashen da suka ƙirƙira, Angria da Gondal, suna aron mutanen gaske irin su Duke na Wellington suna sa su a ciki. Yau da a intanet za su zuba wannan, a ce musu masu rubutun masoya. A nan suka koyi aikin da ya haifi manyan littattafansu.

Sai ga wani abu da ke nuna cewa ba hanyar aikin ake raina wa ba, mai yin aikin ake dubawa. Masoyan Sherlock Holmes sun ƙirƙiro wani wasa: su ɗauka jami'in binciken nan mutum ne na gaske, su bi labaran suna warware saɓanin kwanan wata da na sunaye kamar masu binciken tarihi. Wani malamin addini, Ronald Knox, ya share fagen da wata maƙala a 1911. A 1934 aka kafa ƙungiyar Baker Street Irregulars a New York, ta lauyoyi da 'yan jarida da likitoci, suna liyafar shekara, suna fitar da mujalla. Ba wanda ya ce sun zauce, cewa aka yi nishaɗin masu ilimi ne. Wasu ɗalibai mata da ke son Holmes kamar su suka yi zanga-zanga a ƙofar liyafar a 1968, a cikin sanyi, don an hana su shiga. Ƙungiyar ba ta buɗe wa mata ƙofa sosai ba sai 1991. Jami'ar Oxford ta fara ba mata digiri a 1920, Cambridge sai 1948. Wato ƙungiyar masoya labarin jami'in bincike ta fi Cambridge taurin kai da shekara arba'in da uku.

Talabijin ce ta juya lissafin. Star Trek ya fara fitowa a tashar NBC a 1966, labarin jirgin sama jannati da ke yawo tsakanin taurari. An yi zaton yara maza zai ja. Waɗanda suka riƙe shi da hannu biyu, da yawansu mata ne: ma'aikatan laburare, sakatarori, malaman makaranta, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, matan aure. A 1967 Devra Langsam da Sherna Comerford suka fitar da Spockanalia, mujallar masoya ta farko a kan shirin, da injin gurza takarda. Da aka ji tashar za ta soke shirin, Bjo Trimble da mijinta John suka shirya gangamin wasiƙu har aka ƙara masa shekara guda. An dai soke shi a 1969 bayan kashi 79. A Janairun 1972 wani kwamiti da mata suka fi yawa a ciki ya shirya taron masoya a New York, ana sa ran mutum ɗari biyar, wajen dubu uku suka zo. Shekara goma shirin yana raye a hannun waɗannan mutane kafin kamfanin ya dawo da shi a fim a 1979.

Abin da suke rubutawa a mujallun ya fi tarihin ban sha'awa. Shirin ya bar giɓi da yawa: yaya al'adar mutanen duniyar su Spock, tauraron shirin da ya fito daga wata duniya, take, me ke faruwa bayan an kashe kyamara, me ya sa matan jirgin ba su da abin faɗa sai karɓar saƙo? Masoyan suka cike giɓin da labaran ɗori, wato labarin da mai karatu ke ɗorawa a kan na asali da taurarinsa. Labarin ɗori sharhi ne da ya sa rigar labari. Wadda ta sake rubuta wani kashi daga idon ma'aikaciyar da aka bari a gefe, hujja take kafawa cewa marubutan sun manta da wani abu. Wasu suka ɗauki abotar taurarin maza biyu suka mayar da ita soyayya, abin da ya raba kan masoyan kansu tun a shekarun 1970, kuma har yau ana gardamar me ya ja mata zuwa gare shi. Marubuciya Joanna Russ tana cikin waɗanda suka ce neman soyayya ce tsakanin mutum biyu da ba wanda ke ƙarƙashin wani, abin da talabijin ta lokacin ba ta iya nunawa tsakanin namiji da mace. Suna da nasu masu suka kuma, masu kaifin harshe. A 1973 Paula Smith ta rubuta ɗan gajeren ba'a a kan tauraruwar da ta fi kowa kyau da basira, kowa na sonta, ta sa mata suna Mary Sue. Sunan ya zama kalmar sharhi da ake amfani da ita a duniya, ko da yake daga baya wasu sun mayar da ita sandar dukan duk wata jarumar da ta iya wani abu.

A Japan zanen labari ne fagen. Har shekarun 1960 maza ne suka fi zana manga, wato labaran zane, na 'yan mata. Sai ga wani rukunin mata da aka haifa wajen 1949, irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya da Riyoko Ikeda, suka karɓe fagen, suka shigo da tarihi da siyasa da tambayar mene ne namiji mene ne mace. Ikeda ta kai 'yan makaranta cikin juyin juya halin Faransa a 1972 da labarin Oscar, macen da aka yi renonta a matsayin soja. Suka sauya har tsarin shafi, suka fasa akwatunan zane don tunanin zuci ya samu wurin yawo. Da aka buɗe kasuwar Comiket a Tokyo a Disambar 1975, inda masoya ke sayar da littattafan da suka zana da kansu, rukuni 32 ne suka baje kaya, mahalarta wajen 700, mafi yawansu 'yan mata masu bin waɗannan marubutan. A ƙarshen 2019 taron ya tara kimanin mutum 750,000 a kwana huɗu. Ƙungiyar mata masu zane ta CLAMP daga irin wannan rubutun masoya ta taso.

Ba zan ce duk abin da masoya suka rubuta tunani ne mai zurfi ba. Mafi yawansa ba shi da kyau, kamar yadda mafi yawan kundin digiri ba shi da kyau. Kuma duniyar masoya ba aljannar mata ba ce: akwai taron dangi a kan wadda ta saɓa wa ra'ayin jama'a, akwai wariyar launin fata da masoya baƙaƙe suka daɗe suna kuka da ita, akwai masu bin 'yan wasa da zagi don labari bai tafi yadda suke so ba. Akwai kuma matsalar kuɗi. Al'adar masoya ita ce kyauta: ka rubuta, ka bayar, a saka maka da godiya ko da wani labarin. Wannan ne ya kare su daga ƙarar masu haƙƙin mallaka. Amma shi ne kuma ya sa kamfanoni suka gane sun samu 'yan talla da ba a biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mata suna aikin da ba a biya don so, wasu suna kwasar riba: wannan ba sabon labari ba ne, kuma don an yi shi a kan allon kwamfuta bai zama 'yanci ba.

A 2007 abin ya fito fili. Wani kamfani mai suna FanLib ya buɗe shafi don tara labaran ɗori ya yi kasuwanci da su, kuma a shekarar ne dandalin intanet na LiveJournal, inda masoya da yawa ke zaune, ya goge ɗaruruwan shafuka ba sanarwa. Wasu mata, cikinsu marubuciya Naomi Novik da malamar jami'a Francesca Coppa, suka ce in dai gidan ba naka ba ne, ko yaushe za a iya watso maka kaya waje. Suka kafa ƙungiya mai zaman kanta, suka tara kuɗi daga masoya, suka sayi nasu na'urorin ajiya, suka rubuta manhajar da kansu, da yawansu a nan suka koyi aikin. Rumbun, Archive of Our Own, wato Rumbun Kanmu, ya buɗe wa jama'a a 2009, kuma sunansa yana amsa kuwwar kiran da Virginia Woolf ta yi a 1929, cewa mace mai son rubutu tana bukatar kuɗi da ɗakin kanta. Babu talla a cikinsa. Yana ɗauke da miliyoyin rubuce-rubuce, kuma 'yan sa-kai ne ke zama suna haɗa alamomin da marubuta suka liƙa wa labaransu, ta yadda wanda ya rubuta sunan tauraro a taƙaice da wanda ya rubuta shi cikakke za su haɗu a wuri ɗaya. Aikin ma'aikacin laburare ne tsantsa. A 2019 rumbun ya ci lambar Hugo, babbar lambar labaran kimiyya. A farkon 2020 kuma aka toshe shi a ƙasar Sin, ƙasar matan Wu Wushan, inda a 2018 kotu ta yanke wa wata marubuciya ɗaurin shekara goma saboda labaran soyayya tsakanin maza da ta buga ta sayar.

Wannan ya dawo da mu ga kundin Christine da akwatin gwaggo da matar da ta tsirar da juzu'i ɗaya daga wuta. Ana yawan tambaya me ya sa tarihin tunani ya cika da sunayen maza. Wani ɓangare na amsar hana mata karatu ne. Wani ɓangaren kuwa shi ne inda aka ajiye abin da suka rubuta. Sharhin namiji yana da makaranta da ɗalibai da ɗakin ajiya. Na mace yana gefen shafi, ko a wasiƙa, ko a mujallar da aka gurza kwafi ɗari biyu, ko a shafin intanet da kamfani zai rufe gobe, kamar yadda aka rufe GeoCities a 2009 da ɗimbin abin da ke ciki. Shi ya sa Jami'ar Iowa a Amurka take karɓar akwatunan tsofaffin mujallun masoya daga hannun matan da suka tsufa, kafin magada su ɗauka tarkace ne.

Yarinyar Kazusa ta girma, ta yi aure a makare, ta yi takaba. A ƙarshen littafin tarihin rayuwarta, wanda ake kira Sarashina Nikki, ta yi nadamar shekarun da ta ɓata a kan labarai maimakon ibada, ko da yake shafukan da ta ba wa karatun Genji sun fi na nadamar rai. Rubutun nata ya iso mu ne ta kwafin da mawaƙi Fujiwara no Teika ya yi da hannunsa wajen shekara ɗari biyu bayanta. Daga baya wani mai gyaran littafi ya ɗinke shafukan a hargitse, aka yi ƙarnoni ana karanta ta a haka, ana cewa tunaninta ba shi da tsari, sai a 1924 wasu masana suka duba ɗinkin suka gano kuskuren. Sunanta na yanka bai iso mu ba. A littattafai ana kiranta 'yar Sugawara no Takasue.